An sallamo shi daga Dawanau, sai kuma me?

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin dangin masu taɓin hankali, kuma duk sanda na ji ta sai raina ya sosu. Za a sallamo mutum daga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware bayan sati huɗu ko shida. Surutai sun tsaya, ya daina cewa ana bin sa, ya gane mahaifiyarsa har ya gaishe ta. Sai ka ji an ce, "Alhamdu lillahi, ya samu sauƙi. A bar shi ya huta."

Ga yadda hutun yake. Ɗakin da ke can ƙuryar gida, tabarma da buta, kwanon tuwo da ake turo yaro ya dire a bakin ƙofa. Ba a aikensa, ba a shawara da shi, in baƙi sun shigo a saki labule. Wata shida a haka ya daina wanka, darensa ya koma rana, magani ya ƙare ba wanda ya lura. Kafin shekara ta zagayo an sake cusa shi a A Daidaita Sahu, hannuwa ɗaure da rawani, kowa na cewa ciwon ne ya dawo.

Ni kuwa na ce mu muka kira shi. Abin da asibiti ke yi a sati shida kashe gobara ne. Gyaran gidan da wutar ta ci, ranar sallama yake farawa, kuma yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, wani ma fiye. Masana suna kiransa farfaɗo da rayuwar mara lafiya, wato "rihab" a Turance: ya koma barci a kan lokaci, ya samu abin yi, ya riƙe kuɗin kansa, ya samu waɗanda zai zauna da su a majalisa, a riƙa jin ta bakinsa kan abin da ya shafe shi. Ina magana ne kan manyan lalurori, wato sikizofireniya mai sa mutum jin muryoyi da zargin ana bin sa, da baifola mai kai mutum sama cikin zumuɗi ta dawo da shi ƙasa cikin ƙunci, da ciwon damuwa in ya tsananta har hankali ya gushe.

Sai dai an ɓata mana kalmar. Yau in ka ce "rihab" abin da ke zuwa ran mutane gidan mari ne. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma gyaran hali masu gidan ke cewa suna yi. Wannan ba shi nake nufi ba, ko kusa.

"Ai wannan ciwon ba ya warkewa"

Wannan ce hujjar farko da ake kawowa, kuma ita ke kashe wa dangi jiki tun ba a fara ba.

A shekarun 1950 wani asibitin gwamnati a jihar Bamont ta Amurka ya ɗauki marasa lafiya 269 daga cikin waɗanda aka fid da rai da su, waɗanda suka shafe shekaru a kulle. Aka koya musu ayyuka, aka sama musu wurin zama a cikin gari, aka ci gaba da bibiyarsu. Bayan kimanin shekara 32 Courtenay Harding da abokan aikinta suka nemo su, suka wallafa abin da suka gani a 1987: tsakanin rabi zuwa biyu bisa uku sun warke ko sun samu sauƙi ƙwarai.

Gaskiya ne akwai waɗanda ciwon ke yi wa taurin kai duk yadda aka yi. Amma ba a gane su waye sai an gwada. Wanda aka ajiye a ƙuryar gida shekara biyar ba a gwada shi ba.

Magani dole ne, amma a san halinsa

Kada wani ya ɗauka ina rage darajar magani. Da aka tattara gwaje-gwaje 65 a 2012, an ga cikin masu sikizofireniya da suka ci gaba da shan magani kashi 27 cikin 100 ne ciwonsu ya tashi a shekara guda. Waɗanda aka ba ƙwayar banza, wadda ba magani a cikinta, kuwa kashi 64. Bayan tashin farko ana ci gaba da magani aƙalla shekara guda bayan alamomi sun ɓace. Wanda ciwonsa ya tashi sau biyu ko uku, maganar shekaru ake yi. Ragewa kuma a hankali likita ke yi, cikin watanni.

Abin tambaya shi ne me ke sa mutum ya daina sha. Dangi za su ce taurin kai. Sau da yawa maganin ne ke wahalar da shi, ba wanda ya tambaye shi.

Haloferidol da Largactil da Stelazine sukan sandarar da jiki, hannu na rawa, yawu na zuba, tafiya kamar an ɗaure ƙafa. A kwanakin farko, musamman ga samari, wuya kan karkace, harshe ya fito, idanu su kafe sama. Gida ya rikice, a ce aljanu sun tashi, a kira mai ruƙiyya, a zubar da magani. Alhali illar magani ce da ake warwarewa cikin ɗan lokaci a asibiti. Artane na rage irin wannan, amma a riƙe shi a hannun babba, don shi ne Exol ɗin da matasa ke sha su bugu, kuma akwai masu lallaɓar mara lafiya ya sayar musu.

Akwai wata illar da ta fi ɓoyuwa. Mutum ya kasa zama wuri ɗaya, ya tashi ya zauna, ya yi ta zirga-zirga a tsakar gida, yana jin kamar ƙafafunsa ba nasa ba. Sai a ce ciwo ne ke tashi, a ƙara magani, abin ya ninku. Wannan ragi yake so ko canji.

Risferidon kan tsayar wa mace al'ada, ya kawo ruwan nono ba goyo, ya rage wa namiji kuzari a shimfiɗa. Magidanci ba zai faɗi wannan a gaban ƙaninsa da ya rako shi ba, shiru zai yi ya daina sha. Don haka a ba shi minti biyar shi kaɗai da likita. Olanzafin na buɗe ciki, ƙiba ta taru, siga ya biyo baya. A auna nauyinsa duk wata a farkon fara shi, a gwada siga da hawan jini bayan wata uku, sannan duk shekara. Masu irin waɗannan lalurori suna riga sauran mutane mutuwa da shekara 10 zuwa 20, kuma akasari ciwon zuciya da siga da cututtukan da ba a kula da su ba ne ke kashe su.

Mai shan litiyam, maganin baifola, ya kiyayi ƙishirwa. Zafin bazara, gudawa, azumi ba shawarar likita, ko diklofenak da ibufurofen da ake saya a kemis don ciwon jiki, duk suna tara maganin a jini. In hannu ya fara rawa sosai, ga amai, ga tangaɗi, a tsayar a tafi asibiti a ranar. Haka wanda jikinsa ya sandare ga zazzaɓi mai zafi ga ruɗewa, kada a tsaya ba shi maganin maleriya a gida.

Wanda shan ƙwaya kullum ke gagara, akwai allura mai daɗewa a jiki. Modecate duk sati biyu zuwa huɗu, ta haloferidol duk sati huɗu, bayan an fara da kaɗan an ga yadda jiki ya karɓa. Amfaninta shi ne in ya tsallake, ranar za a sani. Zuba magani a kunu a ɓoye kuwa dabara ce mai gajeren zango. Ran da ya gano, mutumin da dama yake zargin ana sa masa guba ya samu hujja, har abincin gidan zai ƙi.

Lalaci ne ko ciwo?

Bayan surutai sun kwanta, abin da ke saura shi ya fi cinye haƙurin gida: kwanciya, rashin magana, fuska ba walwala, ba ya fara komai da kansa. Abu uku ke kawo wannan, kuma kowanne da maganinsa. Ko dai ɓangare ne na ciwon kansa, ko magani ya yi yawa yana kasala, ko kuma baƙin ciki ne ya rufe shi da ya farka ya ga makaranta ta wuce, shago ya rushe, budurwa ta yi aure. Na ukun nan shi ne mai haɗari. Kusan mutum ɗaya cikin ashirin masu sikizofireniya kashe kansa yake yi, kuma watannin farko bayan sallama suna cikin lokutan da aka fi jin tsoro. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin mutuwa, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da babu. A kawar da fiya-fiya da shinkafar ɓera da maganin feshi, kuma kada a bar masa maganin wata guda a ɗaki, na sati ya isa.

Aikin watan farko ba shi da ƙawa. Lokacin tashi ɗaya kullum, ko da daren bai yi barci sosai ba. Barcin rana kada ya wuce awa ɗaya. Wanka, sa kaya masu tsabta, tafiyar minti ashirin zuwa talatin da safe tare da wani. Aikin gida guda ɗaya da ya zama nasa, kamar ba awaki dusa ko sayo biredin safe. A ci abinci da shi a faranti ɗaya kamar da. Masallaci a fara da azahar ta unguwa inda mutane ba su da yawa, Juma'a ta jira tukuna. Duk sati a ƙara abu ɗaya, ba biyar ba.

Ciwon na taɓa riƙe magana da tsara aiki. In ka ce, "Tashi ka gyara ɗakin nan, ka wanke kayanka, ka je ka yi aski," ba ɗaya da zai yi. Ka ce, "Yaya, ga bokiti, mu jiƙa rigunan nan biyu." In an gama a yaba, gobe a zo kan shanya. Kuɗi ma haka: a fara ba shi na kashewar yini, in ya riƙe sati biyu ba matsala a koma na sati.

Bakin mutanen gida

Nan ne na fi so a tsaya, don ba ya cin ko kwabo kuma tasirinsa ya kusa na magani.

Tun shekarun 1960 George Brown da abokansa a Landan suka lura cewa waɗanda aka sallama suka koma gidan da ake yawan kushe su, ko ake nuna musu ƙiyayya, ko ake lulluɓe su da kulawar da ta wuce kima, sun fi saurin komawa asibiti. An maimaita binciken a ƙasashe da dama. In aka haɗa, kusan rabin masu komawa irin wannan gida ciwonsu na tashi cikin wata tara zuwa shekara, a gida mai sanyin baki kuwa kusan ɗaya cikin biyar. An kuma ga haɗarin ya fi yawa in ana zaune ido da ido fiye da awa 35 a sati.

Mun san kalaman. "Ƙannenka duk sun yi aure, kai kana nan kana cin tuwon banza." "Da ka ji magana ka bar wiwi da ba mu shiga wannan ba." Ɗaya gefen kuma Hajiya ce da ba ta barin ɗanta mai shekara talatin ya je ko bakin titi, tana leƙa shi sau goma a dare, tana kuka a gabansa. Ita ƙauna ce ta sa ta, amma a jikinsa nauyin ɗaya ne.

Gyaran: magana gajera, murya ƙasa, mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. Kada a yi masa taron dangi. A faɗi aikin da ake so ba halinsa ba. In ya ce maƙwabci na aiko masa da saƙo ta rediyo, kada a yi musu, kada kuma a gaskata. "Ni ban ji ba, amma na ga abin ya tsorata ka, zo mu zauna a zaure." Mai jinya ita ma a karɓe ta kwana ɗaya ko biyu a sati. Uwar da ba ta yi barci ba wata uku ba za ta iya sanyin baki ba, ko waliyyiya ce.

"Aiki zai tayar masa da ciwo"

Da can masana ma haka suka ɗauka. Sai a yi shekaru ana "shirya" mutum a ɗakin koyon sana'a na asibiti, yana saƙa tabarmar da ba mai saya. A farkon shekarun 1990 Deborah Becker da Robert Drake a Amurka suka juya tsarin: duk wanda ya ce yana son aiki a fara nema masa na gaske cikin wata guda, irin wanda shi yake so, mai biyan kuɗi, sannan a tallafa masa yana ciki. A gwaje-gwaje da yawa fiye da rabi sun samu aiki ta wannan hanya, ta tsohuwar hanya kuwa kusan kashi ɗaya bisa huɗu, kuma komawa asibiti bai ƙaru ba.

Mu nan abin ya ma fi sauƙi, don arzikinmu ba na takardar ɗaukar aiki ba ne. Kawu mai shagon hatsi, maƙwabci tela, mai wanki da guga, mai cajin waya, ɗinkin hula, awara ko ƙuli-ƙuli a cikin gida, tunkiya biyu ta kiwo. A fara da awa biyu zuwa uku, kwana uku a sati, da hantsi lokacin da nauyin maganin dare ya sake shi. Maigidan ya san abu biyu kawai: ranar asibiti, da wanda zai kira in ya ga canji. A biya shi a hannunsa, ko kaɗan ne.

Inda ake kuskure: a tara kuɗi a buɗe masa shago shi kaɗai a wata na biyu, bashi ya cinye jari, a ce ga shi nan ai mun faɗa. Ko a sama masa gadin dare, alhali rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, musamman baifola. Acaɓa da tuƙi su ma a dakata in magani na sa gyangyaɗi. Sannan a duba su wa ke zama a wurin aikin, don in teburin masu wiwi da tiramol ne a gefe, an kai kaza kasuwar kuraye.

Sai aure, wanda wasu suka mayar magani. A ɓoye wa dangin miji, yarinya ta daina shan ƙwaya don kada a gani a ɗakinta, wata huɗu ciwo ya tashi, a sako ta da ciki. Mai wannan lalura na iya aure ya zauna lafiya, amma bayan ya daidaita, kuma wanda zai aura ya sani. Mace ta ga likita kafin ciki, don Epilim, ɗaya daga cikin magungunan baifola, yana jawo nakasa ga kusan jariri ɗaya cikin goma, kuma makonnin farko na jego lokaci ne da baifola ke tashi da ƙarfi.

"Wannan tsarin Turawa ne, mu ba mu da likitoci"

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Wannan gaskiya ne. Amma duba abin da na lissafa a sama, nawa ne ciki yake buƙatar likita?

Kuma tsarin ba baƙo ba ne. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, kowanne da ɗan'uwansa mai jinya. Su zo asibiti da rana, su kwana cikin jama'a, su je kasuwa da gona. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Duniya ta zo ta koya a wurinsa, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Masu cewa aljanu ne ko sammu, ba sai an yi rigima da su ba. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, a sha magani. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna in ma'aikatan ƙananan asibitoci suna ziyartar masu maganin gargajiya da na addini suna aiki tare, marasa lafiya sun fi samun sauƙi. Sharaɗi dai: ba duka, ba turu, ba hana abinci, ba cewa a bar ƙwaya. A lura kuma, wani gwaji a sansanin addu'a a Gana ya nuna ba da magani ya rage alamomin ciwo amma bai rage kwanakin da mutane suka yi a sarƙa ba. Sarƙa sai an cire ta da gangan.

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Madalla. Abin da zan roƙi jihohi ƙarami ne: allurar wata-wata ta samu a asibitin sha-ka-tafi na gunduma, da ma'aikacin lafiya ɗaya mai babur da rajista, wanda in mutum bai zo allura ba cikin sati zai bi shi gida. Yanzu mutumin ƙauye kan kashe kuɗin mota na mutum biyu da ya fi kuɗin allurar, ya yini a layi don ganin likita na minti biyar. A wata na huɗu ya daina zuwa.

"In ba a ɗaure shi ba zai yi ɓarna"

Ba zan raina wannan tsoro ba. Matar da mijinta ya taɓa ɗaga mata taɓarya cikin ruɗewa ba labari aka ba ta ba. Akasarin masu wannan lalura ba sa taɓa kowa, su aka fi cuta ma. Inda ake samun ɓarna kuwa, yawanci an bar magani ne, ko ƙwaya ta shigo, kuma an yi kwanaki ana ganin alamu ba a motsa ba.

Ciwon ba ya faɗowa kamar aradu. Yakan yi sallama sati ɗaya zuwa huɗu kafin ya shigo, kuma kowane mutum da irin tasa. Wani barci ke fara ɗaukewa. Wani ya daina cin abincin gida, wani ya toshe taga da tsumma, wani ya fara kyauta da kayansa yana zancen kwangilar miliyoyi.

Don haka a zauna da shi lokacin da yake lafiya, shi da mutum biyu da ya yarda da su, a rubuta takarda shafi ɗaya. Alamominsa uku na farko, da bakinsa. Sunan maganinsa da adadinsa da ranar allura ta gaba. Lambar katin asibiti da lambar wayar nas. Wanda yake so ya yi masa magana in abu ya fara, da wanda ba ya so ya matso kusa. Ƙa'ida a fili: dare biyu a jere ba barci, a kira nas, ba jiran ranar kati. Inda aka ajiye kuɗin mota na gaggawa, da mai motar da za a kira ko da tsakar dare ne.

In har ta kai ga tashin hankali, a fitar da yara, a kawar da wuƙa da taɓarya, a kashe rediyo, 'yan kallo su watse. Mutum ɗaya ya yi magana daga ɗan nesa, kada a tare ƙofa. In dole sai an riƙe shi, a riƙe gaɓoɓi, kada a danne ƙirji ko wuya, kada a kifa shi a kan ciki, kuma daga nan asibiti za a nufa kai tsaye.

Takardar a yi ta kwafi biyu, ɗaya a wurinsa ɗaya a wurin mai jinya, a sake duba ta duk wata shida ko duk lokacin da aka canza magani.